Bakwai Ɗin da Ɓarawo Ya Bari

Ranar Juma'a aka yi mini satar, da rana tsaka, lokacin da duk wani namiji mai hankali a garinmu yake cikin masallaci.

Ni ne Marhun ɗan Sangur. Shekara arba'in da huɗu ina sassaƙa kifin ƙarya, wanda masunta ke ɗaurawa a igiya su ja a bayan jirgi can cikin teku, babban kifin nan kanad ya gani ya ɗauka abinci ne ya kawo cafka. Da itacen samur nake yin kan, in cusa masa dalma, in manna masa ɓawon kawa mai sheƙi, in huda shi daga hanci zuwa wuya don igiya, sannan matata Moza ta ɗaura masa gashin farar akuya ya rufe ƙugiya. A ƙarƙashin haɓar kowanne nakan yi tsaga uku. Daga Ras al-Hadd har tsibirin Masira, in masunci ya juya kifin ƙarya ya ga tsaga uku, ba ya tambayar komai. Wannan sunan shi ne duk abin da na mallaka, ba ni da jirgi, ba ni da gonar dabino.

A shekarar nan guda talatin na yi. Iskar damina ta kwanta, kanad ya fara shigowa, jirage za su fita ranar Litinin. Al'adata ce in na gama aiki in rufe akwati, ba na sake buɗewa sai ranar da masu jirage za su karɓa. To ranar nan Ubaid, nakuda, wato shugaban babban jirgin garinmu, ya biyo ni daga masallaci da ɗokinsa kamar ango, wai sai ya ga nasa. Na buɗe don ya ƙyale ni in ci abinci. Bakwai muka tarar a ciki.

Kafin in gama salati Ubaid ya fita yana shelanta wa gari. Nan da nan rumfata ta cika maƙil. Wannan ya ce 'yan Bangal ne masu shanya kifi, wancan ya ce ai suna sahun baya a masallaci, da idonsa ya gan su. Wani ya tuna da Saif, ɗan kasuwar nan na Sur mai farar mota, da ya daɗe yana naci in ba shi ɗaya ya kai masana'anta a kwaikwaya da roba. Ni kuwa raina ya riga ya gama yanke hukunci.

Na ce, "Ku daina wahalar da kanku. Halfan ne."

Halfan abokin koyona ne. Mu biyu marigayi Faraj ya koya wa sana'ar, mu biyu kuma muka auri 'ya'yansa, ni Moza, shi ƙanwarta Gaya. Shekara goma sha ɗaya ba mu magana, tun ranar da ya fara zuba kawuna da roba na ce masa a gaban mutane kayan wasan yara yake sayarwa. Bakina ba ya jiran shawara, wannan kowa ya sani.

Moza ta leƙo daga ƙofar cikin gida, ta kira ni uban 'yarmu Nasra yadda ta saba, ta ce, "Abu Nasra, shigo ka ci abinci tukuna. Ina da magana."

Na ce, "Ba yanzu ba, mace. Ba ki ga an yashe ni ba?"

Ta saki labule.

* * *

Shehu Hilal, mai garinmu, ba ya son a kai maganar gida wurin 'yan sanda in akwai wata hanya. Ya aika cikin rairayi a kira Suwailim mai bin sawu.

Da hantsin Asabar ya iso, ɗan siriri, baƙi wuluk, da sandar raƙumi a hannu. An ce in raƙuma ta ɓata yana iya duba sawunta ya gaya maka ko tana da ciki. Amma teku, ko kallonta ba ya so. Ya zauna ya ba ta baya. Muka gaisa hanci da hanci, aka kawo dabino da gahawa.

Shehu ya ce, "Akwai labari?"

Ya ce, "Babu sai alheri. Daga wajenku fa?"

Na ce, "Daga wajenmu akwai ɓarawo."

Shehu ya harare ni, don ba haka ake amsawa ba. Suwailim ya yi murmushi kawai, yana kallon hannuna ina zuba masa gahawa. Kaɗan ta zuba a tabarma. Na tsine wa masu yin kofunan zamani, kullum ƙanƙancewa suke yi.

Ya leƙa rumfar, ya dubi ƙasa, ya girgiza kai.

"Mutum nawa suka shigo nan jiya?"

Ubaid ya ce, "Duk gari."

"Na gani. Ku mutanen bakin ruwa, Allah ya shirye ku. Da garken awaki kuka koro ciki da ya fi mini sauƙi." Ya buɗe akwatin, ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama. "Wannan abin kifi ke ci? Lallai kifi ba shi da wayo."

Na ce, "Ya fi raƙumi. Kuma ajiye shi a hankali."

Ya ce, "Ammi Marhun," wato baffa, "bakwai ɗin nan a ƙasan akwati suke, ɓarawo bai kai gare su ba?"

Na ce a'a. Jeri uku nake yi, goma-goma, kowanne da gurbinsa. Biyu na nan a jerin sama, ɗaya a tsakiya, huɗu a ƙasa.

"Wato tsinta ya yi. Ya ɗauki wannan, ya tsallake wancan."

"Sauri yake yi."

"Mai sauri akwatin yake sungumewa gaba ɗaya. Su bakwai ɗin, su ne marasa kyau?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ba na yin marar kyau."

Ya ce to, Allah ya ba ni haƙuri. Ya rufe akwatin.

* * *

Bayan gidana akwai sawun tayar mota. Ubaid ya ja shi can yana ta zuba, wai Saif ne, shi dama tun farko bai yarda da mai turare da yawa ba. Suwailim ya tsuguna, ya taɓa gefen sawun da ɗan yatsa.

"Raɓa biyu ta kwana a kansa. Ran Alhamis motar ta zo."

Ubaid ya sosa gemu. "Haka ne kuwa. Ran Alhamis ya zo ya sayi busasshen kifi."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, Nakuda?"

"Ba ka tambaye ni ba."

Daga nan muka nufi gidan Halfan, don na ce ba zan koma ba sai an je. Kafin mu ƙarasa na ji ƙarar magagari daga cikin rumfar aikinsa. Kunnena ba ya ƙarya a kan wannan ƙarar. Muna yin sallama ta tsaya cak. Shi kuwa Halfan yana waje, zaune a kan buhu ya jingina da ƙofar, ya miƙe manyan ƙafafunsa.

Suwailim ya gaishe shi ya ce, "Ammi Halfan, ina kake lokacin sallar Juma'a?"

"Sahun farko." Ya juyo wajena. "Kusa da kai, Marhun. Har ka taka mini ƙafa wajen fita. Ba ka gan ni ba?"

Na ce, "Ba na kallon abin da ba ya gabana."

Gaskiyar ita ce ban gan shi ba, amma ban tsaya tunanin wannan ba.

Suwailim ya ce, "Kai ka ɗauki kayansa?"

"Ban ɗauka ba."

"Suna cikin rumfar nan?"

"Na ce maka ban ɗauka ba."

Na ce, "To buɗe mu gani. Wa ke goge-goge a ciki? Tsagata ake kankarewa, ko?"

Halfan ya dube ni dogon kallo. Na zaci zai zage ni, har na shirya amsa. Sai ya ce, "Ba zan buɗe ba. Je ka gida ka huta, Abu Nasra."

Suwailim bai ko kalli ƙofar ba. Ƙasa yake kallo, daga bakin rumfar zuwa ƙofar mata ta bayan gida. Ya yi sallama muka tafi, ina tafe ina tsaki.

Da na koma gida ban tarar da Moza ba. Ta bar mini shinkafa da kifi a rufe, ta bar saƙo wurin maƙwabciya cewa tana gidan ƙanwarta, Gaya ba ta jin daɗi. Wato a ranar da aka sace ni, matata tana can tana jinya a gidan ɓarawona. Da ta dawo da yamma ban yi mata magana ba. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Abu Nasra," na juya mata ƙeya.

Kafin magariba na je wurin Shehu Hilal na ce gobe bayan la'asar a tara mutane, a sa Halfan ya buɗe rumfarsa a gaban kowa.

Shehu ya ce, "Marhun, ka san abin da kake nema? In aka samu, Halfan ya gama zama a garin nan. Ba mai sake gaishe shi."

Na ce na sani.

* * *

Da sassafen Lahadi Suwailim ya buga mini ƙofa, Ubaid na bayansa.

"Ammi, ɗauko bakwai ɗin nan. Yaya ake sanin wanda zai kama kifi?"

Ubaid ya riga ni. "A ruwa. In ramin igiyar ya karkace ko da kaurin gashi ne, ko fuskar ba ta gogu daidai ba, ba ya iyo, sai ya dinga juyi kamar dunƙulen zare. Ya murɗe maka igiya, kifi kuwa ko kallonsa ba ya yi. Kwana guda a teku a banza, ga mai ya ƙone."

"Ana gwadawa ke nan kafin a bayar?"

Na ce, "Masu koyo ke gwadawa. Ni hannuna ya sani. Shekara biyu ke nan rabona da gwaji, gwiwata ba ta so."

Ya ce don Allah in nuna masa sau ɗaya, shi mutumin rairayi ne, bai taɓa gani ba.

Muka gangara mashigin ruwa, inda teku ke shigowa bayan gari ta kwanta lumui. Na ɗaura ɗaya a igiya na jefa, na yi tafiyar da marigayi Faraj ya koya mana. Ka ba ruwa kafaɗa, ka miƙa hannu, ka tafi a karkace taku sittin. Duk taku na goma ka dasa diddige ka fizga, ka ga ko zai nutse ya taso daidai. In ka kai ƙarshe ka juya ka dawo.

Ubaid na bina yana kallon ruwa. "Ma sha Allah. Yana iyo kamar mai rai."

Bakwai ɗin duka haka. Na ji kaina ya kumbura. Na juya in ga ko Suwailim ya sha mamaki, ashe ko sau ɗaya bai kalli ruwan ba. Ƙafafuna yake kallo.

Ya ce, "Nakuda, koma da akwatin gida. Ni da Ammi za mu ɗan taka."

Ya ja ni muka bi gaɓa har muka wuce itatuwan ruwa, inda ba a hango mutum daga gari. Can ƙasar gishiri ce, in ka taka sawun yakan yi mako bai goge ba. Ya tsaya ya nuna da sanda.

"Jiya da yamma na zo nan, na ga abin da ban gane ba. Mutum ya tafi a karkace, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Na ce ko mai taɓin hankali ne. Duk taku na goma diddige ya nutse. Sai yanzu da na ga tafiyarka."

Murna ta kama ni. Na ce, "Ka kama shi. Mutum biyu ne kaɗai a duniya ke wannan tafiyar, ni da Halfan."

"Sawu iri biyu ne a nan. Na ranar Laraba, kai da komowa sau talatin, lokacin da kake baccin rana. Na jiya da la'asar, sau goma sha ɗaya." Ya matsa gefe. "Ammi, duba sawun da kyau."

Na sunkuya. Fari kawai nake gani, da ɗan duhu-duhu kamar hayaƙi. Na ƙara sunkuyawa. Na ce rana ce ke haske ido.

A hankali ya ce, "Rana tana bayanka. Sa hannu."

Na durƙusa, gwiwar da nake fakewa da ita ba ta ce komai ba. Na laluba har na samu. Na shimfiɗa tafin hannuna a ciki, sawun bai fi tafin da komai ba. Halfan kuwa ƙafarsa kamar faranti take. A gefen sawun na ji wani ɗan layi siriri, inda bakin zane ya share gishiri.

Suwailim ya ce, "Mutum uku ne, ba biyu ba. Marigayin yana da 'ya'ya a gida lokacin da yake koya muku?"

Na tuna wata yarinya da ke kawo mana ruwa bakin mashigi, ta zauna a kan dutse ta ƙi tafiya har mu gama. Shekara arba'in da ɗaya muna aure, tana ɗaura gashi a kan aikina, ban taɓa tambayar ta abin da ta gani daga kan dutsen nan ba.

Ya zauna kusa da ni. "Ɓarawo mai kyau yake ɗauka. Wannan ya gwada talatin, ya bar maka bakwai masu kyau, ya kwashe marasa lafiya. Ni ban san kifi ba, amma na san wanda ke ware raƙuma masu ƙazwa daga garke ba sata ya zo yi ba." Ya ɗan tona ƙasa da sanda. "Tun jiya na ga sawunka, Ammi. Takunka ya gajarce. Ƙafarka tana lalube kafin ta sauka. Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara biyu. Ko uku." Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har kaina. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse cikin gishirin nan.

Ya ce, "Yau bayan la'asar za a tambaye ni. Ba na ƙarya a kan sawu, in na yi sau ɗaya sana'ata ta mutu. Amma sunan mace ba zai fito daga bakina a gaban maza ba. Abin da ya rage naka ne."

* * *

Zauren Shehu Hilal ya cika. Masu jirage a gefe guda, dattawa a gefe, har Saif na Sur ya ji labari ya zo wanke kansa, turarensa ya cika wurin. Halfan ya zauna can kusa da ƙofa shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da na kusa da shi. Aka zagaya da gahawa. Mai zubawa ya tsallake shi, kamar bai gan shi ba. Wannan kam na gani, ko da idona.

Suwailim ya miƙe ya dogara da sanda.

"Masu shanya kifi suna masallaci. Saif ran Alhamis ya zo, ran Alhamis ya tafi. Nakuda Ubaid bai ɗauki komai ba, sai dai ya tattake mini ƙasa." Aka ɗan yi dariya. "Ammi Halfan yana sahun farko, kuma ƙafarsa ba ta kusanci gidan Ammi Marhun ba."

Shehu ya ce, "To kayan suna ina?"

"Sawun ya tafi rumfar Ammi Halfan."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani daga cikin masu jirage ya ce wato aike ya yi. Ubaid ya miƙe.

"To me muke jira? A tashi a buɗe. Halfan, wa ka aika?"

Halfan ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kalma ɗaya ce za ta wanke shi, kuma yana da ita a baki. In ya faɗe ta, kowa zai san Marhun mai tsaga uku ya sassaƙa talatin, ashirin da uku sun fito a karkace. Shekara goma sha ɗaya da na kira aikinsa kayan wasan yara, yau ga rana ta zo masa har gida.

Ya ce, "Ba ni da abin cewa."

Shehu ya ce, "Halfan, ka san abin da shirun nan zai ja maka."

"Na sani."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ubaid, zauna. Ba a sace mini komai ba."

Suka juyo gaba ɗaya. Bakina da ba ya jiran shawara, ranar sai da na ja shi da ƙarfi.

"Idona ya tafi. Shekara uku ke nan ina huda rami da ƙiyasi. Cikin talatin ɗin bana, bakwai ne kawai ke iyo. 'Yar Faraj ce ta gwada su ta gano, ta kwashe sauran ta kai rumfar mijin ƙanwarta, don can ne akwai mahuji da matsewar da ba zan ji ƙararsu ba. Ta yi nufin ta gyara ta mayar kafin Litinin, ba tare da na sani ba. Sau biyu ta nemi gaya mini na juya mata ƙeya. Wannan mutumin kuma," na nuna wajen ƙofa, "na kira shi ɓarawo a gabanku, ya haɗiye don kada ku ji abin da kuke ji yanzu. Duk wanda ba ya son tsaga uku daga yau, ba zan ga laifinsa ba."

Na zauna. Na ce a raina shi ke nan, shekara arba'in da huɗu sun tafi.

Sai Ubaid ya yi gyaran murya. "Abu Nasra, tsaya. Na bara da na bara waccan, su ma ta taɓa su?"

Halfan ne ya amsa, bai ɗago ba. "Biyar a shekarar farko. Tara bara. Lokacin baccin ranarsa take yi."

Ubaid ya buga cinya. "Wallahi shi ya sa. Na ce da mutanena tsohon nan yana tsufa hannunsa na ƙara kyau. Ban taɓa kama kanad kamar bara ba." Ya juyo wajena. "Kada ka ji haushi, amma nata sun fi naka."

Zaure ya fashe da dariya, har Shehu. Da wata rana ce da na tashi na bar musu wurin. Ranar na yi dariyar tare da su, hawaye na bin gemuna, ban goge ba.

Ubaid ya ce, "Ni dai takwas ɗina nake so gobe da asuba. Ko wa ya huda."

Na tashi na karɓi butar gahawa daga hannun mai zubawa, na taka har bakin ƙofa. Na tsuguna gaban Halfan na zuba masa. Rabi ta sauka a kan rigarsa.

Na ce, "Ka yafe mini, ɗan'uwana. Na gode."

Ya karɓi kofin ya ce, "Ka ƙona ni, makaho." Ya jawo kaina ya haɗa hancinsa da nawa.

* * *

Suwailim ya ƙi ƙara kwana, wai warin kifi ya shiga masa har cikin rawani. Na raka shi bakin hanya, na ba shi ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Ya ce me zai kama da shi a rairayi, ƙadangare? Amma ya sa a aljihu. Har yau in an ambaci sunansa sai na yi masa addu'a, don da ya ga dama a zaure zai tona ni, ba a bakin ruwa mu biyu ba.

Na shiga gida na tarar da Moza a rumfata, zaune a kan kujerata, akwatin a buɗe gabanta. Talatin ba ɗaya, kowanne a gurbinsa. Labari ya riga ni isowa. Na ɗauki ɗaya na shafa. Ta toshe tsohon ramin da itace, ta huda sabo, ta goge fuskar sumul. Na juya haɓar. Gugar ta cinye tsagata, sai ta sake yin wasu, uku cif, yadda nake yi.

Na ce, "Ummu Nasra, me ya sa ba ki gaya mini ba tun shekarar farko?"

Ta ce, "Kai ake gaya wa magana?"

Na ce, "Na gode." Ina jin wannan ne karo na farko da ta ji kalmar daga bakina, don sai da ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Halfan zai kai ka asibitin Sur ran Laraba a duba idon. Na riga na gaya masa, kada ka fara."

Ban fara ba. Na laluba cikin kayan aiki na ɗauko ƙaramin magagari, na miƙa mata tare da kifin da ke hannuna.

"Ƙara ɗaya a gefen nawa."

"Mutane za su ce na jabu ne."

"Ubaid zai gaya musu. Ai ba ya iya riƙe magana."

Ta karɓi magagarin. Can na ji ƙararsa, gajere, ta yi tsaga ta huɗu.

An yi mini aikin ido, na dama ya dawo, na hagu ya ƙi. Har yanzu ina sassaƙa, ita ke hudawa, kuma ba kifin da ke shiga akwati sai mun gangara mashigi na ja igiya tana kan dutsenta tana kallo. Bara wani masunci ya zo daga Masira da tsohon kifin ƙaryata a hannu, ya juya haɓarsa ya nuna mini tsaga uku. Ya ce wannan ya yi masa aiki, Allah ya saka. Sannan ya rage murya, kamar kada in ji haushi, ya ce ko akwai mai huɗu.